Rasuwar Baƙar Tukunyar Gidan Pyo

Da zuciya cike da baƙin ciki, wanda ba za a gan shi a fuskarsa ba, tsoho Pyo Chunbe na gidan ƙarshe a kan hanyar dutse yana sanar da mutanen ƙauye, da abokan zamansa na zauren tsofaffi, da dangi na birnin Gwangju in suna da lokacin karatu, cewa baƙar tukunyar ƙasa ta gidansa ta rasu. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, a bakin aiki, da miya a cikinta. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Za a zo kan wannan.

Marigayiya 'yar kasuwar Gurye ce. Matar mai makoki, Malsun, wadda ita ma ta riga mu tafiya, ita ta sayo ta a shekarar da ta haifi ɗansu Gyongte. Ta bi tukwanen tana ƙwanƙwasa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har mai tukwanen ya fara tsaki, sannan ta ɗauki wadda ta amsa mata da murya mai kyau. Ta zo da ita gida, jariri a baya, tukunya a ƙirji. Ta dafa kunun shinkafa a cikinta ta bar shi ya kwana don ya toshe mata ƙofofin jiki, kamar yadda ake yi wa kowace sabuwa. Wato marigayiya sa'ar Gyongte ce. Rana ɗaya suka fara cin shinkafar gidan nan. Ita ba ta taɓa barin gidan ba.

Halinta sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a teburin Pyo. Ba ta da gaggawa. A ɗora ta a wuta, ba za ta ce komai ba. Wuta za ta lashi gindinta, gindi ya ɗauki zafi ya miƙa wa gefe, gefe ya miƙa wa na sama da shi, hannu zuwa hannu, kamar yadda ake miƙa guga ran da gobara ta tashi a ƙauye. Sai jikinta duka ya ƙoshi da zafi kafin ta ba miya. Mai yunwa yakan zage ta a wannan lokacin. Mai makoki ya sha zaginta. Ba ta taɓa ƙara sauri don shi ba.

Amma abin da ta karɓa a hankali, a hankali take sakin sa. A sauke ta daga wuta, a ɗora ta a gammonta na katako, a ratsa tsakar gida da ita a tsakiyar hunturu, ta iso tebur tana zaɓalɓala, ɓal-ɓal-ɓal, kamar ba a gaya mata an raba ta da wuta ba. In Chunbe ya makara a gona, Malsun takan rufe ta ta tafi sabgarta. Ya dawo, ya wanke ƙafa, ya zauna, ya buɗe murfi, tururi ya doke shi a fuska. Cokalin ƙarshe yana ƙona harshe kamar na farko.

Tana da aibu, kuma ba za a ɓoye ba don ta mutu. Nauyi gare ta. Leɓenta ya guntule a gefe ɗaya tun zamanin da Gyongte ke rarrafe. Babu yatsa a gidan nan da ba ta ƙona ba. Ba ta son sabulu, kuma ba ta yafe wa wanda ya sa mata. Sau ɗaya surukar gidan, matar Gyongte, wadda ake kira uwar Harim tun da ta haifa wa gidan jika, tana amarya, ta wanke ta da sabulun kwanuka don ta burge. Marigayiya ta shanye shi ta yi shiru. Washegari aka ɗora miya, sai ga kumfa yana tasowa. Malsun ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "'Yar nan, wannan tana numfashi ne. Abin da kika ba ta shi za ta mayar miki. Ruwan wankin shinkafa kawai take sha." Uwar Harim ba ta sake ba. A wannan an yi mata shaida.

To, tukunyar da ta riƙe sabulun kwana ɗaya, a yi tunanin me ta riƙe na sama da shekara arba'in. Malsun da hannunta take daddawar waken soya, ta rataye ta a ƙarƙashin rufi, ta tsima ta a manyan randunan bayan gida. Kullum ta Allah wannan daddawar ce ke tafasa a cikin marigayiya. Da Malsun ta rasu, randunan suka ƙare a shekara biyu. Aka koma aiko wa Chunbe ta kanti, a robar da ke da hoton wata tsohuwa tana murmushi. Gishiri ce da kala. Amma in ya zuba ta a baƙar tukunya, ya yanka awara da kabushi da barkono, ya jira, abin da ke fitowa miyar Malsun ce. Ba duka ba. Kamar dai muryar mutum daga ɗaki na gaba. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don ba a tambaye shi ba. Yanzu an sani.

Jinyar marigayiya ta fara ne da kaka, kuma ba a jikinta ta fara ba. A hannun rigar Chunbe ta fara. Ya miƙa hannu zai ɗauko gishiri ta saman murhun gas, ulun rigar ya kama wuta. Ya kashe da tafin hannu ya ci abincinsa. Hannun riga ne ya ƙone, mutum lafiyarsa lau. Amma maƙwabciyarsa, tsohuwar da ake kira Matar Hamyang da sunan garin da aka auro ta, ta ga rigar a kan igiyar shanya, kuma tana da waya.

Gyongte ya zo a ƙarshen makon da fuskar likita.

"Baba, shi ke nan. Da sanyi ya wuce za ka dawo wurinmu. An gyara maka ɗaki, yana kallon kogi."

"Kogi, ina da shi a nan."

"Na nan ba zai kashe maka gobara ba. Baba, in wani abu ya same ka, da wace fuska zan shiga ƙauyen nan?"

"Da wadda kake shigowa da ita sau biyu a shekara."

Aka yi ta ja har rana ta karkata. A ƙarshe Chunbe ya ba da kalmarsa, kuma kowa ya san ba ya janye ta. Ya ce zai tafi, da sharaɗi ɗaya. Tun kaka da kakanni, tukunya ce ke fara shiga sabon gida, da shinkafa a cikinta, kafin tabarma, kafin mutum. Tasa za ta shiga gabansa, kuma za ta yi girki a can. Gyongte ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ya ce haka ne don bai tsaya ya tuna cewa a gidansa, a hawa na sha tara, babu wutar gas ko ta itace ba. Ko ashana babu. Da ya tuna, sai ya ce gara Baba ya fara sabawa tun yanzu. Ya sa aka kwance silindar gas aka tafi da ita. A gurbin murhun aka ajiye wani baƙin gilashi, shafal, kamar dutsen kabarin masu kuɗi.

Mai makoki zai faɗi yadda abin nan yake aiki kamar yadda aka bayyana masa, don kada a ce ƙiyayya ce ta jahilci. A ƙarƙashin gilashin akwai wayar tagulla a naɗe kamar gammo. Lantarki yana kai da komo a cikinta da saurin da ido ba ya bi. Wannan kai da komon yana tayar da wani jan da ba a gani, irin na maganaɗisu, ya ratsa gilashin ya shiga gindin tukunyar ƙarfe, ya hana abin da ke cikin ƙarfen sakat. Ƙarfen ya yi ta fama da kansa har ya yi zafi. Murhun bai ba shi zafi ba ko kaɗan. Ɗan ɗumin da ake ji a gilashin ma, tukunyar ce ta ba shi. Gyongte ya shimfiɗa takarda a kai, ya ɗora tukunyar ƙarfe a kan takardar, ruwa ya tafasa kafin mutum ya gama ɗaura takalmi, ya zaro takardar fara sol.

"Ka gani, Baba? Ko rigarka ka kwantar a kai ba abin da zai same ta."

Chunbe ya gani. Ya yi aikin fasa dutse da ƙuruciya a ƙarƙashin wani shugaban lebura mai irin wannan halin. Yana zaune a inuwa jikinsa sanyi ƙalau, bai taɓa ɗaga guduma ba, kallo kawai yake yi, kai kuwa kana ƙonewa daga ciki.

Sai aka ɗora marigayiya. Ta zauna a kan gilashin da mutuncinta, tana jira a lashe ta kamar kullum. Murhun ya yi ƙit-ƙit-ƙit, wata 'yar jar alama ta yi ta ƙiftawa, sannan ya kashe kansa. Bai gan ta ba. Tukunyar da ta ciyar da gida uku, gidan Chunbe da na baƙinsa da na mayunwatan da Malsun ke tarawa, an ɗora ta a kansa ya ce babu kowa a wurin.

Gyongte ya ɓalle maganaɗisun da ke manne a ƙofar firji, mai tallar gidan soyayyar kaza, ya ce da shi ake gwadawa. Wadda ya manne wa ta ci, wadda ya faɗi daga jikinta ba ta da aiki. Ya bi kicin ɗin uwarsa yana manna shi a gindin kowa. Butar sanholo mai ruwan ɗorawa ta faɗi. Kwanon dafa taliya ya faɗi. Da ya zo kan marigayiya, maganaɗisun ya sulale ya faɗa ƙasa, hoton kazar yana kallon sama. Matar Hamyang, wadda ta shigo ba a kira ta ba, ta ce, "Kakan Harim, bari a manna maka shi a goshi mu gani ko kai za ka ci." Chunbe ya ce ta fara da bakinta, shi ne ƙarfen da ya fi kowanne motsi a ƙauyen.

Daga ranar marigayiya ta kwanta. Gyongte ya fitar da ita baranda, kusa da randunan da babu komai a cikinsu, ya ce zai nemo dabara. Ta yi hunturu a can. Raɓa ta shiga jikinta, ta daskare, ta narke, ta sake daskarewa. Chunbe yana cin abinci daga wata tukunyar ƙarfe mai ƙyalli da aka bar masa. Ba za a zalunce ta ba, tana da sauri. Tana tafasa kafin ka yanka albasa. Ka danna a kashe, ta yi tsit nan take kamar an ɗauke mata rai, kafin ka kai ta tebur miyar ta fara yin fata. Daddawar kanti ta shiga cikinta daddawar kanti, ta fito daddawar kanti. Ya rame. Matar Hamyang ta sake ɗaukar waya.

Ranar Lahadi Gyongte ya iso da matarsa da dabarar. Wani faifan ƙarfe ne mai mariƙi. Ya ce murhu zai ga faifan, faifan ya yi zafi, sai ya miƙa wa tukunyar ƙasa ta hanyar taɓa ta.

"Wato hannu zuwa hannu," in ji Chunbe.

"Haka ne, Baba."

"Yadda ake yi da ma."

"To, kusan haka."

"Ka cire wuta, ka sa lantarki ya ruɗa ƙarfe, ƙarfe ya yi aikin wuta. Makarantar da na biya maka ke nan?"

Uwar Harim ta juya tana kallon bango, tana danne dariya.

Gyongte da kansa ya ɗauko marigayiya daga baranda, sanyinta yana cizon hannu. Ya zuba ruwa da daddawa da awara. Uwar Harim ta ce, "Uban Harim, a bar ta ta sha ɗumin ɗaki tukuna." Ya ce suna so su kama hanya kafin motoci su cushe. Ya ɗora faifan, ya ɗora ta, ya danna lamba mafi girma.

Wuta tana da hannuwa. Tana rungumar gindin tukunya ta hau gefenta, tana farawa ƙarama in an ce mata ta fara ƙarama. Faifan ba shi da hannu. Ya yi zafi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma wuri ɗaya kawai ya taɓa ta, ɗan zoben da take zama a kai. Gindi yana ƙuna, gefe yana ƙanƙara. Ta yi ƙoƙarin miƙa zafin kamar yadda ta saba, amma an ba ta a lokaci ɗaya abin da take karɓa da kaɗan-kaɗan. Aka ji ta ce tsss. Daga nan ta ce ƙas. Sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Ta rabe tun daga leɓen da ya guntule har gindi, miya ta malale a kan baƙin gilashin, awara tana yawo. Murhun ya yi ƙit-ƙit-ƙit ya kashe kansa, don shi ba ya son a jiƙa shi.

Can Gyongte ya ce, "Baba, akwai irinta da ake yi yanzu, an dasa musu ƙarfe a gindi. Gobe zan sa a kawo."

Chunbe ya durƙusa. Ya tsince gutsattsarin, ya ɗauraye mafi kaurin cikinsu, na gindi, da ruwa zalla. Ya jefa shi a tukunyar ƙarfe mai ƙyalli, ya zuba ruwan famfo, bai sa komai ba, ko gishiri. Ya danna murhun da kansa. Ya bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya koma kalar shayi mara ƙarfi. Ya ɗebo cokali ɗaya ya miƙa wa ɗansa.

"Sha."

"Baba, ruwan tsingaro ne fa."

"Na ce sha."

Ya sha. Ya tsaya da cokalin a baki. Sannan ya ajiye shi, ya fita ba tare da ya sa takalmi daidai ba, ya shiga motarsa ya rufe ƙofa. Ya daɗe a ciki. Motoci sun cushe ko ba su cushe ba, bai tayar da ita ba. Matar Hamyang ta ce ta ga kansa a kife a kan sitiyari. Mai makoki bai leƙa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar murfinta, wanda yanzu ba shi da abin rufewa. Ta bar gammonta na katako da baƙin zoben da ta zana masa. Ta bar awartakin da ake sauke ta da shi, da cokulan tagulla biyu, ɗaya yana aiki, ɗaya ya huta tun rasuwar Malsun. Ta bar 'yan uwanta manyan randuna a bayan gida, da butar sanholo da kwanon taliya, abokan faɗuwarta a gwajin kaza. Ba ta bar magaji ba. Wadda za a kawo mai ƙarfe a gindi, in an kawo ta, a san ba dangi ba ce.

Za a yi jana'iza ranar Talata, kwana na uku, kamar yadda ake yi wa kowa. Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida daga hantsi. Murhun gilashin zai yi aiki a ranar: an ɗauko shi an ajiye a baranda, a kansa za a jera gawar da fararen furanni, tunda baƙi ne, shafaffe, kuma ba ya ɗumi. Mai gaisuwa ya sunkuya sau biyu. Ba a karɓar ambulan na kuɗin gaisuwa. Mai son kawo wani abu ya kawo itace busasshe.

Za a ci jar miyar nama mai yaji da ake ba masu zaman makoki. Matar Hamyang ce za ta dafa, don ta rage alhaki. A kan wuta za a dafa ta, a tsohon murhun ƙasa na bayan ɗaki, wanda aka toshe shekarun baya, mai makoki kuma ya buɗe shi jiya da hannunsa. Shi zai hura wutar. Zai naɗe hannun riga. Wannan murhun ba za a sake toshe shi ba, sai in wanda ya ɗauke ƙaramar wuta mai makunni ya ga dama ya dawo da ita. Zaɓi nasa ne: ko silindar gas ta dawo, ko ya kwana a hawa na sha tara yana tunanin babbar wuta. Za a zuba giya. Ba a gwara kofi da kofi a gidan mutuwa, a tuna wa matasa.

Gyongte ne zai ɗaura ƙyallen makoki a damtse, tunda sa'arsa ce, kuma shi zai haƙa kabarin a gindin bishiyar kanya. Ƙasa a daskare take. Ba ta da lamba mafi girma. Ya haƙa a hankali.

Game da motar kwashe kaya da aka riga aka kama, aka kuma zaɓa mata ranar da iskokai ba sa yawo, kada a soke ta. Ta zo. Za ta ɗauki gilashin, da faifan, da tukunya mai ƙyalli, ta mayar da su inda ake ganin girmansu. Chunbe ya ba da kalmarsa cewa zai bi tukunyarsa duk gidan da ta fara shiga, kuma bai janye ba. Gidan da za ta shiga ranar Talata yana gindin kanya, taku kaɗan daga ƙofar ɗakinsa. Nan zai zauna.

Tsingaro ɗaya ba za a binne ba, na gindi, mai kaurin. An naɗe shi a ƙyallen Malsun an ware wa Gyongte. Ran da ya yi marmari, ya jefa shi a tukunyar ƙarfensa ya danna lambarsa. Ƙarfen zai yi zafin, ita za ta yi sauran. Ya tambayi matarsa yadda ake wanke shi. Kada ya sa masa sabulu.